Tukunyar Ɗaliba

'Yar uwa, ko kin san an yi lokacin da ɗalibin jami'a a Nijeriya bai san kuɗin gishiri ba? A shekarun 1970 gwamnati ce ke tallafa wa abincinsa. Tikiti kawai zai miƙa a ɗakin cin abinci a zuba masa, safe da rana da dare. A 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, sai aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini. Ɗalibai suka yi bore suna neman a sauke Kanar Ahmadu Ali, mai riƙe da ma'aikatar ilimi, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Ki duba fa, a kan abinci!

A 1984 gwamnati ta zare hannunta daga ciyarwar. Daga nan risho ya shiga ɗakunan ɗalibai, garau-garau ya zama sarki: shinkafa da wake, mai da yaji. Ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ga ɗanwake. Daga baya Indomie ta shigo, ga sauri, amma wake ya fi ta riƙe ciki da gina jiki.

Don haka uwa, kafin 'yarki ta tafi makaranta, ki koya mata girki. Ki ɗaure mata wake, shinkafa, man gyaɗa, daddawa, busasshen kifi da zogale. Wallahi yarinyar da tukunyarta ke tafasa ba ta cika kallon hannun samari ba.