Sassaƙa hoto a kan katako da injin CNC: inda sababbin hannu ke tuntuɓe

CNC inji ne da ordinatar ke tuƙawa. Yana riƙe da bakin yanka mai juyawa, yana tafiyar da shi ta fuska uku: dama da hagu (X), gaba da baya (Y), sama da ƙasa (Z). Wajen sassaƙa hoton mutum, manhaja irin PhotoVCarve ta kamfanin Vectric na Ingila takan mayar da hoton jerin layuka masu kusa da juna. Inda hoton ya yi duhu bakin ya nutsa ya buɗe layin, inda ya yi haske ya taso ya ƙuntata shi. Daga nesa ido ke haɗa layukan ya ga fuska. Saboda haka kada a yanke hukunci ana tsugune a kan aikin, a jingina shi a ja baya mita ɗaya ko biyu tukuna.

Mafi yawan ɓarna daga tsayin Z take fitowa. Bakin da ake amfani da shi mai tsini ne kamar harafin V, galibi mai digiri 60 ko 90. Na digiri 90 yana buɗe layi ninki biyu na zurfinsa, na 60 kuwa kimanin sau 1,15. Tunda zurfin aikin duka sau da yawa bai kai milimita 1 ba, katakon da ya karkace da milimita 0,2 kaɗai ya isa ya sa rabin fuska ya yi baƙi ƙirin, ɗaya rabin ya ɓace. Idan aka ga haka, ba laifin hoto ba ne, ba kuma na manhaja ba. A fara goge shimfiɗar injin da baki mai faɗi har ta daidaita, a ɗaure katakon, sannan a aske samansa shi ma da injin kafin a saka bakin V. A sake ɗaukar sifilin Z a kan katakon bayan kowane canjin baki, ko da siririyar takarda ce za a gwada da ita. Masu matse katako a gefe da ƙarfi su lura, matsewar kan ɗaga tsakiya. A lokacin hunturu kuma katakon da bai gama bushewa ba yakan lanƙwashe a ƴan kwanaki, gara a bar shi ya kwana biyu a shago kafin a taɓa shi.

Hoton da ya fito a dushe ko'ina kuwa, a duba asalinsa. Wanda aka tura ta WhatsApp an matse shi, ya rasa kaifi. A nemi a turo shi a matsayin fayil. A yanke shi kusa da fuska, a cire abin da ke baya, a mayar da shi baƙi da fari, a ƙara bambancin haske da duhu. Hoton taron biki mai mutum goma ba zai fito a kan allon da bai fi tafin hannu ba, komai kyawun inji. Tazarar layuka ma tana da tasiri: in ta yi kaɗan layukan su ci juna duhu ya haɗe, in ta yi yawa fuska ta yi kama da darni.

Katako mai laushi irin farin katakon da kafintoci suka saba da shi yana tayar da gashi a bakin layi. Mai haske, mai ƙarfi, mai ƙananan jijiyoyi ya fi, haka ma MDF da aka shafa wa farin fenti. Kuma sassaƙa kaɗai ba ta nuna hoto sosai, sai an cika layukan da baƙin fenti. Dabarar ita ce a shafa verni a bari ya bushe kafin sassaƙa, bayan an gama a shafa fentin a goge saman nan take. Wanda ya tsallake vernin zai ga fenti ya bi jijiyoyin katako ya ɓata farin wuri. Samfefa kuma a yi da sauƙin hannu, don ta kan cinye ƙananan layukan da suka fitar da hanci da kunci.

Alamar ƙuna na nufin bakin ya dakushe, ko yana juyawa da sauri alhali tafiyarsa ta yi sanyi. Idan hoton ya goce gefe a tsakiyar aiki, motar ce ta tsallake taku: a rage gudu, a duba sukurorin da ke haɗa mota da sanda, a share ƙura. Ƙananan injuna irin 3018, masu filin aiki na milimita 300 da 180, sun fi fama da wannan. Zurfin da ke ƙaruwa a hankali kuma yawanci baki ne ke zamewa daga mariƙinsa.

Aikin hoto ɗaya na iya cin sa'o'i, ɗaukewar wuta kuwa na sa inji ya manta inda yake. A haɗa ordinatar da akwatin sarrafa injin da ondilar, a rubuta wurin farawa, kada a kwance katakon sai an gama. Ƙurar MDF na ɗauke da gam mai illa ga huhu, a sa takunkumi da tabarau.