Yadda karatu ya shigo gidajen Kurfai da Tondikandiya

Yau za mu waiwayi tarihin karatu a ƙasar Kurfai da Tondikandiya, daga Filinge zuwa Damana, domin mu ga aikin da ya rage a hannun iyaye.

Tun kafin zuwan Turawa, yaro yana fara koyo ne ta kunne. Da dare kaka tana yi wa jikoki tatsuniya. Da safe malam yana biya karatun allo da ƙarfi, almajirai suna maimaitawa. Yaro yana jin magana tukuna, sannan ya gane baƙi.

Da Faransawa suka zo, sun buɗe lakkol a Filinge. Amma karatun da Faransanci ake yin shi. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci sai ya tarar da baƙon harshe a aji. Idan ya komo gida, uwa da uba ba su iya duba littafinshi. Kaɗan ne suka yi nisa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Seyni Kunce, ɗan Fandu, wanda ya shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, al'amari ya fara sakewa. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraren rediyo. A 1963 gwamnati ta buɗe ma'aikatar yaƙi da jahilci. A 1966 masana suka taru a Bamako, suka shirya baƙaƙen rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. An kuma buga jaridu irin su Ganga domin manya masu koyon karatu. A 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suke fara karatu da Hausa. Haka harshen gida ya samu shiga lakkol.

Amma makaranta ba ta samuwa kullum. A 2023 rashin tsaro ya sa ɗaruruwan makarantu suna rufe a jihar Tilaberi. Yaron da aka rufe ma aji, gida kaɗai ya rage mashi.

To, kai da ka koyi karatu da girma, da ke da kika koya, kun samu abin da yawancin kakanninmu ba su samu ba: takarda da harshenku. Bayan sallar magariba, ku zaunar da yaro kusa da fitila. Ku karanta mashi layi uku ko huɗu da ƙarfi. Ku aza yatsa ƙarƙashin kowace kalma, domin ya ga cewa magana tana tafiya daga hagu zuwa dama. Ku tambaye shi abin da ya ji. Ku nuna mashi baƙin farko na sunanshi, ya zana a ƙasa. Ko kuna karatu sannu-sannu, ba komi, sannu ɗin ya fi mashi sauƙi. A zaunar da ɗiya mace tare da ɗa namiji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu sa'a. Sai wani mako.