Yadda Aka Kori Shan Inna: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Tunda bikin cikar shekara muke yi, bari in tuna mana tarihin wani aikin gayya da aka yi a gaban idonmu, wato yaƙi da cutar shan inna.

A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Kano. Kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganinsa Trovan a kan yara wajen 200, goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan yarda ta riga ta zube. Da jita-jita ta bazu a 2003 cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa, mutane suka ce ai mun taɓa gani. Kano ta dakatar da ɗigon, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004. A tsakanin nan cutar ta tsallaka har wasu ƙasashe.

To, ta yaya aka gyara? Kowa ya kawo abin da yake da shi. Rotary da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kawo kuɗi da ma'aikata. A 2009 sarakunan Arewa suka shigo ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, har masu unguwanni. Daga baya Gidauniyar Ɗangote da ta Bill Gates suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Kano a kan rigakafin yara. Aka yi asusu ɗaya kowa na zubi, kamar adashi, amma kason gwamnati na ƙaruwa duk shekara don kada aikin ya mutu ranar da masu kuɗi suka janye.

Sai dai duk kuɗin nan a zaure yake tsayawa, don namiji baƙo ba ya shiga cikin gida. Mata ne suka yi sallama suka shiga, suka zauna a tabarma suna lallashin uwa har ta miƙo ɗanta. Wasu da ransu suka biya: a Fabrairun 2013 aka harbe masu rigakafi tara a Kano. Allah ya jiƙan su.

Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Kano a 2014 ne, na Najeriya kuma a Borno a 2016. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Don haka 'yan'uwa, duk kamfani ko banki da ya zo mana da tallafi, mu karɓe shi hannu biyu, amma mu zauna da shi a matsayin abokan aiki. Mu tambaya: nawa ne, wa zai riƙe, wa zai ci gaba idan sun tafi? A rubuta, mu karanta da kanmu kafin mu sa hannu. Yardar matan unguwa ita ce jarinmu, kada mu sayar da ita da araha.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, amin.