Bargon Ƙyallaye a Tarihin Amurka: Masu Ɗinka Shi da Masu Tara Shi



Abin da za mu duba yau shi ne wani irin bargo wanda matan Amurka suka daɗe suna ɗinkawa. Akan harhaɗa ƙyallaye a yi fuska, a shimfiɗa auduga, a sa wani yadin a ƙarƙashi, sa'an nan a bi su da allura a ɗinke gaba ɗaya. Wannan dabara ba baƙuwa ce gare mu ba, gama da ita ake yin lifidi, wanda Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo shi. Sai dai su can sanyi ne ya sa su yin sa, mu kuwa mashi da kibiya.

Masanin tarihi ya damu da wannan bargo domin yawancin masu ɗinka shi ba su bar rubutu ba. Mu ɗauki Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a Jihar Jojiya a 1837. A 1886 ta kai wani bargo kasuwar baje kolin auduga ta garin Athens, mai gida goma sha ɗaya, kowane gida da labari daga Baibul. Wata malamar zane, Jennie Smith, ta nemi saya, ta ƙi. Bayan 'yan shekaru talauci ya matsa, ta kawo shi da kanta, ta yi kuɗi dala 10, aka ba ta 5. Amma kafin ta rabu da shi sai da ta bayyana ma'anar kowane gida, malamar kuwa ta rubuta. Lalle cinikin bai yi kyau ba, amma ba don wannan takarda ba da yau sai dai mu yi ta kirdado. Bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Na biyunsa, mai gida goma sha biyar, yana Boston, a cikinsa kuma ta ɗinka ranar da duhu ya rufe gari a 1780 da daren zubowar taurari na 1833. Watau tarihin baka ne aka adana da zare.

Ba a ɗauki irin waɗannan barguna da daraja sosai ba sai a 1971, sa'ad da gidan Whitney na Niyok ya rataye waɗanda Jonathan Holstein da Gail van der Hoof suka tara, kamar yadda ake rataye zanen manyan gwanaye. Daga nan kasuwa ta buɗe, farashi ya hau. A 1997 Robert da Ardis James suka ba Jami'ar Nebraska kusan guda 1,000, wanda ya zama tushen babban gidan adana barguna na Lincoln. A 2002 aka nuna aikin matan ƙauyen Gee's Bend na Alabama, jikokin bayi, a Houston, sunan ƙauyen ya watsu, har aka buga hotunan bargunan a kan sarki a 2006. Shekara guda bayan haka waɗansu daga cikin matan suka kai masu tarawar ƙara kotu a kan hakkinsu. Tambayar da ta taso a cinikin Harriet Powers ba ta kwanta ba ke nan.

Haske yana cin rini yana kuma tsufar da zare, saboda haka gidan tarihi ba ya iya nuna bargo sai na ɗan lokaci, sauran suna naɗe cikin duhu. Shi ya sa aka koma ga intanet. Tun 2003 kundin Quilt Index, wanda Jami'ar Jihar Mishigan ke riƙe da shi, yake tattara hotuna da bayanan dubban barguna, gidaje da dama kuma sun shirya yadda mutum zai zaga ɗakunansu ta kwamfuta. Ɗalibi yana zaune a Zariya sai ya jawo hoto kusa har ya ƙirga ɗinki, abin da mai tsaron gidan ba zai bari ya yi ba ko da ya je da ƙafarsa. A ganina amfanin yana da yawa. Sai dai hoto ba ya faɗin nauyin bargo ko kaurin audugarsa, kuma galibi fuskar ake ɗauka a bar bayan, alhali kuwa a bayan ne akan tarar da buhun gari ko tsohon wandon aiki, waɗanda ke nuna halin da gidan yake ciki ran da aka ɗinka shi.