Manomi da Littafi: Tarihin Karatun Manya Wajen Yahudawa

Kafin a kammala dam ɗin Tiga a shekarar 1974, shekara kashi biyu ce a ƙasar Kura da Bunkure: damina ta gona, rani na cin rani da karatu. Da zarar an kai amfani rumbu, magidanci kan ɗauki Ishmawi ko Risala ya nufi zauren malam. Ruwan da aka jawo ta magudanai ya kawo shinkafa da alkama da tumatir, amma ya cinye wannan hutun. Ma'aikacin masana'antun Challawa da ke Kumbotso shi ma agogo ne ke juya shi. To, yaushe babba zai yi karatu? Yahudawa sun yi ƙarnoni suna fama da wannan tambaya, kuma amsoshin da suka ba ta sun cancanci a duba.

Amsa ta farko ta fito ne daga ƙasar Babila, wato Iraƙi ta yau, wadda ita ma ƙasar noman ban ruwa ce tsakanin kogin Furatu da Dijla. A ƙarni na 3 miladiyya aka kafa manyan makarantun Sura da Pumbedita. Ban da ɗalibai na dindindin, makarantun sun ware watanni biyu a shekara, Adar a ƙarshen hunturu da Elul a ƙarshen zafi, domin manoma da 'yan kasuwa su hallara su yi karatu. Wannan taro shi ake kira Kalla. An zaɓi watannin ne saboda aikin gona kan lafa a cikinsu. Talmud, wato kundin muhawarar malamansu kan shari'a, ya ruwaito cewa wani malami mai suna Rava ya hana ɗalibansa zuwa wurinsa a watannin Nisan da Tishri, lokacin da aikin gona ke kan ganiya, don kada neman abinci ya dame su sauran shekara. A ƙarshen kowane taro shugaban makaranta kan sanar da babin da za a nazarta a gida, a dawo a yi bitarsa bayan wata biyar.

Wannan tsari ya dogara ga kalandar noma. Da Yahudawa suka zama mazauna biranen Turai, sai matsalar ta sauya kama. A Jamus ta farkon ƙarni na 20 an sami likitoci da lauyoyi masu zurfin ilimin zamani waɗanda ba sa iya karanta Attaura da Ibrananci. Masanin falsafa Franz Rosenzweig yana cikinsu, har ya kusa komawa Kiristanci a 1913 kafin ya fasa. A 1920 ya buɗe wani gidan karatu na manya a birnin Frankfurt mai suna Lehrhaus. Babu jarrabawa, babu takardar shaida. Cikin masu koyarwa har da likita da masanin kimiyyar sinadarai, kuma ana farawa ne daga tambayar da ke damun ɗalibi, sannan a koma ga nassi. Martin Buber ya sake buɗe gidan a 1933, shekarar da 'yan Nazi suka hau mulki, su kuma suka rufe shi a 1938.

Amsa ta uku ita ce ta fi yaɗuwa. A watan Agusta na 1923, a wani taro a birnin Biyana, wani malami daga Poland mai suna Meir Shapiro ya kawo shawarar cewa kowane Bayahude, ko'ina yake, ya riƙa karanta warƙa guda ta Talmud kullum, gaba da baya, kuma kowa a kan warƙa ɗaya. Sunan shirin Daf Yomi. Warƙoƙin 2,711 ne, don haka sauka kan ɗauki shekara 7 da wata 5. An fara ranar 11 ga Satumba, 1923, aka yi sauka ta farko a 1931, ta 13 kuwa a Janairun 2020, inda dubun dubatar mutane suka cika wani filin wasa a jihar New Jersey ta Amurka. Hikimar shirin ita ce matafiyi zai sauka a baƙon gari, ya shiga majami'a, ya tarar ana kan warƙar da ya baro a gida. Fassarar da Adin Steinsaltz ya yi daga 1965 zuwa 2010 ta buɗe ƙofa ga waɗanda harshen Aramiyanci ya gagara. Shirin bai tsira daga suka ba: wasu malamai na ganin gudun ya yi yawa, warƙar jiya kan bi ruwa kafin a zaunar da ita.

Ƙasar Kano ba baƙuwar karatun manya ba ce. Makarantun zaure sun daɗe suna raye, an yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa hukumar ilimin manya a 1980. Abin da tarihin Yahudawa ya ƙara nunawa shi ne karatun manya na ɗorewa ne idan an auna shi da ma'aunin sana'ar ɗalibi. Manomi mai hutu an ba shi wata guda, ɗan boko an ba shi damar tambaya, wanda kasuwa ta riƙe an ba shi warƙa ɗaya da abokan tafiya.

Manomin Kadawa da ke noma damina da rani ya fi kusa da rukuni na uku. Ba zai sake samun wata biyu a zauren malam ba. Amma rabin sa'a bayan sallar asuba tana nan, rediyo da wayar hannu suna aljihunsa. Abin da ya rage shi ne malaman da za su yanka littafi gunduwa-gunduwa, su tsayar da ranar farawa da ranar sauka.