Sansanin Hutu na Yara: Abin da Ya Kamata Uwaye Su Sani

Sansanin hutu wuri ne da ake tara yara a lokacin babban hutun makaranta. Suna kwana tare, suna ci tare, suna wasa da koyo a hannun manya masu kula da su. Da Faransanci ana ce masa colonie de vacances. Zaman yakan ɗauki sati guda zuwa sati uku. A ƙasarmu, ma'aikatu, ƙungiyoyin matasa da ƴan sikawut ne suka fi shirya shi.

Ya mai karatu, wanda ya ba da ɗansa ya ba da amana mai girma. Saboda haka, kafin ku sa hannu a kan kowace takarda, ku karanta ta, ku yi tambaya, ku faɗi gaskiya game da lafiyar yaronku. Abin da wannan shafi zai yi muku bayani ke nan.

Asalinsa

A shekarar 1876 wani malamin coci na birnin Zurik, a ƙasar Suwizalan, mai suna Walter Bion, ya kai yara 68 na talakawa cikin duwatsu domin su sha iska mai kyau, su ci su ƙoshi. A shekarar 1907 kuma Baden-Powell ya tara samari 20 a wani tsibiri na Ingila, daga nan harkar sikawut ta samo tushe. Tun farko dai lafiyar yaro da tarbiyyarsa su ne manufa.

Sharuɗɗan rajista

Kowane sansani yana da dokokinsa, amma galibi za a nemi waɗannan abubuwa:

1. Takardar haihuwa. Da ita ake sanin shekarun yaro, a sa shi cikin tsaransa. In yaronku ba shi da ita, ku je ma'aikatar magajin gari tun da wuri, a nuna muku hanyar samun takardar kotu da ke maye gurbinta.
2. Takardar izinin uwaye, mai ɗauke da sa hannun uba, uwa ko mariƙin yaro.
3. Katin rigakafi da takardar likita mai shaida cewa an duba yaro.
4. Lambar tarho ta mutum biyu da za a iya samu dare da rana.
5. Kuɗin shiga, in akwai. Ku karɓi rasit, ku adana shi.

Ku ma kuna da haƙƙin tambaya. Wane ne shugaban sansanin? Hukuma ta san da shi? Ina yara za su kwana? An raba ɗakin ƴan mata da na maza? Akwai mata cikin masu kula? Yara nawa ne a hannun mutum guda? A Faransa, alal misali, doka ta ce babba guda kada ya riƙe fiye da yara 12 masu shekara 6 zuwa sama, ko yara 8 in ba su kai shekara 6 ba. Wannan ma'auni ne mai kyau da za ku iya gwada naku da shi. Ku kuma rubuta sunan wanda kuka yarda ya ɗauko yaro ranar tashi. Ba a miƙa yaro ga wanda sunansa ba ya cikin takarda.

Dokokin kiwon lafiya

Nan ne ya fi buƙatar natsuwa. Babban hutu yana faɗowa daga Yuli zuwa Satumba, wato tsakiyar damina, lokacin da sauro ya fi yawa.

Masassarar cizon sauro. Kowane yaro ya kwana cikin gidan sauro mai magani, kowane dare. Ku sani cewa maganin rigakafin da ake rabawa da damina an fara shi ne domin yara ƴan wata 3 zuwa wata 59. Kada ku ɗauka yaro ɗan shekara 10 ya fi ƙarfin wannan cuta. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita a ranar, a gwada jininsa. Kada a jira gobe.

Rigakafi. Inda yara suka taru, cuta tana saurin yaɗuwa. Ku duba katin, ku tabbata an yi wa yaro allurar ƙyanda, ta shawara da ta sanƙarau. In katin ya ɓace, ku gaya wa ma'aikacin lafiya kafin ranar tafiya.

Ciwon da yaro yake da shi. Wasu uwaye suna ɓoye amosanin jini, asma ko farfaɗiya, don tsoron kada a hana yaro zuwa. Wannan kuskure ne babba. Yaro mai amosanin jini yana buƙatar shan ruwa da yawa, kuma sanyi da gajiya mai tsanani suna tayar masa da ciwo. In mai kula bai sani ba, zai sa shi gudu cikin ruwan sama tare da sauran. Ku rubuta sunan ciwon, da maganin da yake sha, da lokacin shansa, da abincin da jikinsa ba ya so. Ku ba mai kula da lafiya maganin a cikin kwalinsa. Kada ku bar shi cikin jakar yaro.

Ruwa da tsabta. Ruwan sha ya zama na famfo, ko wanda aka tafasa, ko wanda aka sa wa maganin tsabtace ruwa. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga ban ɗaki. In yaro ya kamu da zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake samu a likita. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In zawon ya haɗu da amai ko jini, a garzaya likita.

Tafki da gulbi. Ba a barin yara su yi wanka a tafki. Akwai haɗarin nitsewa, akwai kuma tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini.

Ayyukan yara

Sansani mai kyau yana da tsari na kowace rana: tashi, wanka, ibada, karin kumallo, darasi, wasa, hutun rana da hira bayan abincin dare. Da safe akan yi karatu, zane, saƙa ko aikin yumɓu. Da la'asar sai ƙwallon ƙafa, langa, dara da tsere. Da dare kuma tatsuniya, kacici-kacici da wasan kwaikwayo.

In zaman ya haɗa da ranar 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, wadda kuma ita ce ranar dashen itatuwa, yara sukan dasa itace su koyi yi masa ban ruwa. Akan kuma kai su ziyara. A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. A Zinder akwai fadar Sarkin Damagaram da tsohuwar unguwar Birni.

Amfanin da ya fi waɗannan duka shi ne zama da mutane. Yaro zai koyi wanke kayansa, bin layi, jiran lokacinsa da girmama wanda harshensu ba ɗaya ba.

Kayan da za a haɗa

Tufafi kaɗan masu ƙwari, takalmi, rigar sanyi, tabarma ko bargo, gidan sauro, sabulu, kofi da gorar ruwa. Ku rubuta sunan yaro a kan kowane abu. Kada ku ba shi kuɗi mai yawa, wuƙa ko ashana.

Kafin tafiya da bayan dawowa

Ku zauna da yaronku ku yi masa nasiha. Ku gaya masa cewa ba wanda yake da ikon dukansa ko taɓa jikinsa ta hanyar da ba ta dace ba, kuma in hakan ta faru ya faɗa nan da nan. Ku sa ya haddace lambar tarhonku. In ya dawo, ku saurari labarinsa, ku kuma sa ido a kan lafiyarsa har sati biyu, domin masassara tana iya bayyana bayan ya iso gida.

In wata kalma ta takardar ta shige muku duhu, ku kawo ta ajin yaƙi da jahilci, ku karanta tare da malaminku kafin ku sa hannu.