Tsoho a Kwance: Nazarin Ƙwari da Maganinsu a Wuraren Jinya na Damargu

Da wurin jinya muna nufin duk inda tsoho ko tsohuwa ke kwance ana ɗawainiya da su. A Turai da Amurka gida ne na musamman mai ma'aikata. A Damargu kuwa, wato gundumar Tanut da ta Belbeji, wadda aka cire daga jikin Tanut a shekarar 2011, tsoho a ɗakinsa yake tsufa, a hannun 'ya'ya da jikoki, sai ciwo ya tsananta a kai shi gidan likita. Ƙwari kuwa, a wannan nazari, su ne ƙananan halittun da ke zaune tare da majinyaci suna cutar da shi, kuma mun shigar da ɓera da kunama cikinsu saboda ɓarnarsu.

Mun kasa su gida uku. Na farko masu shan jini: sauro, mai kawo zazzaɓin cizon sauro da damina, da kuɗin cizo mai ɓuya a tsagar bango da saƙar tabarma. Na biyu masu ɗauko ƙazanta, wato ƙuda da kyankyaso da ɓera. Ƙuda na cikin masu yaɗa amosanin ido, ciwon da ya daɗe yana addabar jihar Damagaram, wanda ƙarshensa gashin ido ya juya ciki, galibi ga tsofaffin mata. Na uku masu dafi, kuma kunama ce babbarsu.

Abin da ya bambanta tsoho da sauran mutanen gida shi ne rashin motsi. Mai lafiya yana kore ƙuda, yana kakkaɓe shimfiɗa, zafi ya dame shi ya koma tsakar gida. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar ba ya iya ko ɗaya, wani ma ba ya iya faɗin abin da ke cizonsa. Kuɗin cizo ba a san shi da yaɗa cuta ba, amma yana hana barci, kuma sau da yawa shi ke sa a kwance sange, wato gidan sauro, a jefar waje, sai sauro ya sami hanya.

A ganinmu haɗari mafi girma yana cikin kwalbar magani. Piya-piya da ake sayarwa a kasuwa yawanci daga dikuloruwos ake haɗa shi, sinadarin da ke rikita jijiyoyin ƙwaro, kuma haka yake yi wa na mutum: miyau ya dalalo, ƙirji ya toshe, numfashi ya yi wuya. Kwamitin da ƙasashen Sahel suka ɗora wa tantance magungunan ƙwari yana Bamako, amma kaya da yawa na shigowa ba tare da sun bi ta hannunsa ba. A Nijeriya hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, wani maganin ƙwari na dikuloruwos, a 2019. Idan an yayyafa irin wannan a ɗaki an rufe ƙofa, yara sun fice, wanda ke kwance shi ke shaƙar tururin har asuba.

Saboda haka gyaran wuri ya kamata ya riga feshi. A liƙe tsagar bango, a raba ɗakin majinyaci da buhunan gero, domin hatsi ke jawo ɓera. Zafi mai tsanani yana kashe kuɗin cizo da ƙwansa, don haka a wanke mayafi da tafasasshen ruwa, a shanya tabarma a ranar bazara. In feshi ya zama dole, a fitar da tsoho tukuna, kada a mayar da shi sai ɗakin ya sha iska sosai.